Nahawuna daidai ne, amma ana ce mini “ba haka ake faɗa ba”

“Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a wani ofis a Kano, kuma kusan duk rubutunmu da Turanci muke yi. Na ci Turanci a WAEC, nahawu ma ba laifi, amma duk rahoton da na rubuta sai shugabata ta dawo mini da shi cike da jan biro. Na rubuta ‘we did a mistake’ ta mayar da shi ‘made’. Na rubuta ‘strong rain’ ta mayar da shi ‘heavy rain’. Ran nan na ce mata ‘borrow me your charger’ sai ta yi dariya ta ce ‘lend’. In na tambaye ta dalili sai ta ce haka dai ake faɗa. To Malam, akwai wata ƙa'ida ne da ba a koya mana ba, ko kuwa haddace su duka zan yi?”

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, in na fahimce ka da kyau, ba nahawu ne matsalarka ba. Jimlar “we did a mistake” tana da mai aiki, tana da aikatau a lokacin da ya dace, tana da abin da aikin ya faɗa wa, kuma babu malamin nahawun da zai iya nuna maka ƙa'idar da ka karya. Amma wanda ya tashi da Turanci a bakinsa in ya ji ta, kamar ya tauna tsakuwa a cikin shinkafa ne. Abin da kake son sani shi ne ko akwai wata ƙa'ida a ɓoye da ke raba “do” da “make”, in kuma babu, yaya mutum zai yi da dubban irin waɗannan.

Shugabarka gaskiya ta faɗa maka, taƙaitawa kawai ta yi. Kuma misalan nan uku da ka kawo ba ciwo ɗaya ba ne. Na “mistake” da na “rain” sun shafi yadda kalmomin Turanci suke zaɓen abokai. Na caja kuwa Hausarka ce ta leƙo ta cikin Turancin, kuma shi ya fi sauƙin magani.

Mu fara daga gida

A shekarun da na yi ina koyar da Turanci na lura wannan darasi ba ya shiga sai an faro shi daga Hausa. Ka ɗauka wani Bature ne yake koyon harshenmu, ya zo ya ce maka “na ci mangwaro, na sha ayaba”. Za ka gane shi sarai, amma sai ka yi murmushi, domin mu mangwaro da lemo da rake shan su muke yi, ayaba kuwa ci. Gobe ya dawo ya ce “alƙali ya sare hukunci”, saboda ƙamus ɗinsa ya gaya masa sarewa da yankewa 'yan gida ɗaya ne. To ya tsare ka da tambaya: me ya sa ake shan wahala amma ake cin amana, ake shan kaye amma ake cin nasara? Na mangwaro ka iya cewa ai ruwa gare shi. Na wahala fa, wane ruwa ne da ita? Inda shugabarka ta tsaya, nan kai ma za ka tsaya: haka dai ake faɗa.

Masana harshe suna kiran wannan abu “collocation”, ni kuwa a aji nakan ce abokan tafiya. Kowace kalma tana da waɗanda ta saba fita da su, kuma sabo ne ya haɗa su tun kaka da kakanni. Wani masanin harshe ɗan Ingila, J. R. Firth, ya faɗa a 1957 cewa ana gane kalma ne ta abokan zamanta, kuma har yau maganar tana yawo a littattafan koyarwa. Amma waɗanda suka fara ɗaukar abin da gaske malamai ne masu koyar da baƙi. Harold Palmer, wanda ya je Japan a 1922, ya ga ɗalibansa sun san kalmomi, sun san nahawu, amma suna haɗa abin da Bature ba zai haɗa ba, har ya fitar da rahoto a kan haka a 1933. Abokin aikinsa A. S. Hornby ya ci gaba da aikin, ya fitar da ƙamus a Tokyo a 1942, wanda kamfanin ɗab'i na Oxford ya sake bugawa a 1948. Shi ne kakan ƙamus ɗin nan na masu koyo da kusan kowane ɗan sakandare a Najeriya ya taɓa riƙewa. Ka ga ke nan ciwonka tsoho ne, kuma ɗan Japan ma shi ya sha.

“Yi” guda ɗaya, ƙofofi goma

Mu Hausawa muna da wata kalma mai kai da kawowa, wato “yi”. Muna yin aiki, muna yin tuwo, muna yin barci, muna yin ƙarya, muna yin aure. Da yaro ya shiga aji aka ce masa “yi” shi ne “do”, shi ke nan ya riƙe, duk inda ya ga “yi” a kansa sai ya ajiye “do” a takarda. 'Yan'uwanmu na Nijar abin ya zo musu biyu, domin Faransanci ma kalma ɗaya ce, “faire”, take ɗaukar aikin “do” da “make” gaba ɗaya.

Akwai ɗan ma'auni da nake ba ɗalibai, kuma yana kai mutum nesa. “Make” yakan zo ne inda aka samar da abin da a da babu shi: “make tea”, “make a chair”, “make a plan”, “make a noise”, “make a promise”. Kuskure ma a idon Bature abu ne da ka haifar, shi ya sa “make a mistake”. “Do” kuwa na aiki ne da hidima, abin da ake gudanarwa: “do your homework”, “do the washing”, “do business”, “do a job”. In ka riƙe wannan kaɗai, jan biron zai ragu sosai.

Sai dai kada ka rungume shi da hannu biyu. “Make the bed” gyara shimfiɗa ne da safe, babu kafintan da ya ƙera gado. “Do damage” da “do harm” sun haifar da abin da babu shi, amma “do” suka ɗauka. Ƙoƙari ɗaya ne, amma ana cewa “make an effort” a kuma ce “do your best”. Kiran waya “make a call” ne, alfarma kuwa “do me a favour”. Waɗannan babu dabara, sai sabo.

Abin da ya fi wannan cin mutane shi ne, sau da yawa “yi” ɗinmu ba “do” ba ne, ba kuma “make” ba. Yin ƙarya “tell a lie” ne. Yin tambaya “ask a question”. Yin mafarki “have a dream”, yin hatsari “have an accident”. Yin laifin da doka ta hana “commit a crime”. Yin aure “get married”, kuma na sha ganin “he did marriage last year” a takardun ɗalibai har na daina mamaki. Yin jarrabawa a Ingila “take” ne ko “sit”, mu a nan muka fi cewa “write”. Wannan ne ya sa nake hana ɗalibi tambayata “mene ne ‘yi’ da Turanci”. Nakan ce masa, yin me?

Haka zancen ruwan sama yake. Mu muna cewa an yi ruwa mai ƙarfi, ka fassara daidai, ka sami “strong rain”. Bature kuwa nauyi yake gani a ruwa, ƙarfi kuma a iska: “heavy rain”, “strong wind”. In ka juya nasa zuwa Hausa ka ce an yi ruwa mai nauyi, kai ma za ka ji bambarakwai. “Heavy” ɗin nan yana bin cunkoson motoci, “heavy traffic”, yana bin mai yawan shan taba, “heavy smoker”, da mai nauyin barci, “heavy sleeper”, wanda a nan mun yi dace da su. Shayin da ganye ya kama shi “strong tea” ne, ba a cewa “powerful tea”, amma injin mota “powerful engine” ne. Sannan ga “dogo” namu: dogon mutum “tall”, doguwar hanya “long”, dutse mai tsawo “high”. Wata ɗaliba ta taɓa rubuta mini cewa mahaifinta “is a very long man”, na ce mata to sai dai in a kwance aka auna shi.

Inda Hausa take leƙowa

Yanzu ga cajarka. Hausa tana da wata hikima da Turanci ba shi da ita: saiwar kalma ɗaya, sai a ɗan juya ƙarshenta ta nuna wa ya bayar, wa ya karɓa. Ka ara mini, na ari naka. Ka ranta mini, na ranci kuɗi. Ka koya mini, na koyi karatu. Turanci kalma biyu daban ya ajiye wa kowanne: mai bayarwa “lend”, mai karɓa “borrow”, malami “teach”, ɗalibi “learn”. Da ka ce “borrow me”, “ara mini” ce ka sa wa rigar Turanci, ga kuma Turancin buroka da muke ji kullum a kasuwa yana ƙara mata ƙarfi. Ka riƙe shi ta hannu: abin da ke barin hannunka “lend”, abin da ke shigowa hannunka “borrow”. A wasu unguwannin Ingila da Amurka ma za ka ji masu gauraya su, amma ko a can ba a rubuta haka a takardar ofis.

Kalmomi uku ne suka fi jefa Bahaushe a wannan rami, ci da sha da ji, saboda faɗin da suke da shi a wurinmu. “Mun ci su biyu da nema” sai ta fito “we won them”, alhali a Turanci wasa ko kofi ake “win”, abokin karawa kuwa “beat” ake yi masa. Cin jarrabawa “pass”, cin ƙwallo “score”, cin tara “fine”. Shan magani “take medicine” ne ko da na ruwa ne, kuma miyar da suke sha da cokali yawanci “eat” ko “have” suke ce mata. Shan taba “smoke”, ko da yake abin dariya, Turawan Ingila na farkon ƙarni na 17 su ma “drink tobacco” suke cewa, daga baya suka bari. Ashe ba mu kaɗai muka ga sha a hayaƙi ba.

“Ji” ya fi su duka yawo. Da kunne muke ji, da hanci muke ji, da harshe, da fata, da zuciya, har da ƙwaƙwalwa. Bature kowanne da kalmarsa: “hear” na kunne, “smell” na hanci, “taste” na harshe, “feel” na jiki da zuciya, “understand” ko “speak” na harshen da mutum ya iya. Wanda ya ce “I am hearing the smell of gas” ko “she hears Hausa” bai yi wa nahawu laifi ba, Hausa ce zalla yake yi da kalmomin wasu. Haka “baƙo”: wanda ka gayyata “guest” ne ko “visitor”, wanda ba ka san shi ba “stranger”. In ka ce wa Bature “I have strangers in my house”, zai tambaye ka ko a kira 'yan sanda.

Ni kaina na sha wannan kwana. Farkon zamana da wata Baturiya a ɗakin malamai, muna cikin magana aka kira ni, na miƙe na ce mata “I'm coming”, na fice. Da na dawo ta ce ita fa ta rasa gane kaina, na ce ina zuwa kuma ta ga ina tafiya. “Ina zuwa” ce na juya. Su “I'll be right back” suke cewa. Wata rana kuma ta yi tuntuɓe a bakin ƙofa, na ce “sorry”, ta waiwayo ta ce ai ba laifina ba ne. Ni “sannu” nake nufi. Suna amfani da “sorry” wajen jaje, kamar in an yi wa mutum rasuwa, amma ga ɗan tuntuɓe “are you all right?” ya fi zuwa bakinsu. “Sannu da aiki” kuwa ba ta da takwara sam. “Well done” da muke cewa, a wurinsu yabo ne ga wanda ya gama abu da kyau, ba gaisuwa ga wanda ka tarar yana aiki ba.

Kalmomi masu kama da juna

Akwai wani tarko da ba ka ambata ba, amma na tabbata yana gabanka, tunda rahoto kake rubutawa. Mutum ya gaji da maimaita kalma ɗaya, sai ya danna kwamfuta ta jero masa masu ma'ana iri ɗaya, ya zaɓi wadda ta fi tsawo. Wani ɗalibina ya taɓa kawo mini jawabin da zai karanta a bikin sallamar shugaban makarantarsu, ya rubuta “our notorious principal”. Yana nufin mashahuri. Allah ya sa ya kawo mini kafin ranar. “Famous” shi ne wanda ya yi suna, “notorious” wanda ya yi ƙaurin suna, kuma kai ka san tazarar da ke tsakani. Haka “slim” yabo ne, “skinny” kusan gori. “Childlike” tsarkin zuciya irin ta yaro, “childish” yarinta da wauta.

Wasu kalmomin ma wari gare su wanda ƙamus ƙarami ba ya faɗa. “Cause” kusan kullum da sharri yake tafiya: “cause trouble”, “cause damage”, “cause delay”, “cause death”. Daidai yake da “haddasa” tamu. Ana haddasa fitina, ana haddasa gobara, amma ba ka taɓa jin an ce auren ya haddasa farin ciki ba. To in shirin ofishinku ya kawo ci gaba a wani ƙauye, “brought” ko “led to” za ka nema.

Dalilin da ya sa Turanci ya cika da tagwayen kalmomi yana cikin tarihinsa. A 1066 William na Normandi, wani yanki na Faransa, ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na kusan shekara 300, talakawa kuwa suka ci gaba da nasu. Da harsunan suka gauraya sai aka sami kalmar gida da kalmar fada ga abu ɗaya: “ask” da “enquire”, “buy” da “purchase”, “begin” da “commence”, “help” da “assist”. Saniya a fili “cow”, namanta a faranti “beef”. Mu ma muna da irin wannan da Larabci: akuya ta mutu, maƙwabci ya rasu, babban malami ya yi wafati. Duk abu ɗaya ne ya faru, amma ka gwada musanya su ka ga yadda za a dube ka.

A nan ina da ra'ayi, kuma ba kowane malami ne zai yarda da ni ba. Makarantunmu sun koya mana girmama dogon Turanci fiye da kima. Muna ganin wanda ya ce “I wish to intimate you” ya fi wanda ya ce “I want to let you know” ilimi, alhali na biyun shi ne Turancin da masu harshen suke rubutawa a ofisoshinsu yau. Haka karin maganar da aka sa muka haddace don jarrabawa. “It is raining cats and dogs” kowane ɗan makaranta ya san ta, amma Baturen yau “it's pouring” ya fi faɗa. Karin magana kamar yaji ne, kuma na wani harshe ya fi saurin yin yawa a miya. A rahoto dai ka bar su gaba ɗaya.

To namu Turancin fa?

Wani zai ce, ai Turancin Najeriya ma Turanci ne, don me za mu riƙa auna kanmu da Landan? Yana da hujja. A watan Janairun 2020 babban ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 daga Najeriya, cikinsu har da “okada”, “danfo”, “next tomorrow”, “ember months” da “Kannywood”. Ba wanda zai ce maka “go-slow” ko “I'm coming” kuskure ne a Kano ko Legas, tunda mai faɗa da mai ji sun fahimci juna. Ni kaina haka nake magana in na fita daga aji.

Abin dubawa shi ne wa zai karanta. In rahotonka zai tsallaka zuwa hannun wanda bai san Najeriya ba, ko za ka zauna jarrabawar IELTS ta gwajin Turanci, akwai kalmomin da za su faɗi abin da ba ka nufa ba. “Severally” a wurinmu “sau da yawa” take nufi, a Ingila kuwa kalmar lauyoyi ce mai nufin kowa daban-daban. “Dowry” da muke fassara sadaki da ita, a asalin Turanci dukiyar da amarya take zuwa da ita daga gidansu ce, ta fi kusa da gara da kayan ɗaki. Abin da ango ke bayarwa “bride price” suke ce masa. “Let me escort you” da muke nufin rakiya, su yana kawo musu hoton ɗan sanda ko mai gadi, “let me see you off” ko “I'll walk you out” suke cewa. Su kuma “borrow me” da “did a mistake” ko a rubutaccen Turancin Najeriya ba su sami kujera ba, editan jarida a Kaduna ma zai gyara su.

Abin da nake sa ɗalibaina su yi

Ka tambaya ko haddace su duka za ka yi. Ba za su haddatu ba, kuma Hausa ma ba jeri aka ba ka ka haddace ba, ji ka yi ta yi har kunnenka ya nuna. Abin da za a iya yi shi ne a gaggauta nunar kunnen.

Ka sami ɗan littafi, ko ka buɗe wuri a wayarka, amma da sharaɗi ɗaya: kada ka taɓa rubuta kalma ita kaɗai. Ba “decision” za ka rubuta ba, “make a decision”, “reach a decision”, “a tough decision”. Ba “meeting” ba, “hold a meeting”, “attend a meeting”, “call off a meeting”. Har ƙananan kalmomin nan masu maƙalewa ka haɗa da su, domin su ma abokan tafiya ne: “depend on”, “good at”, “married to”, “congratulate on”. Ka kuma lura da waɗanda ba sa son rakiya ko kaɗan, irin “discuss” da muke liƙa wa “about”, da “emphasise” da muke liƙa wa “on”. Shafin farko na littafin nan kuwa, jan biron shugabarka ne zai cika shi. Mutane suna biyan kuɗi a yi musu abin da take yi maka kyauta. Duk gyaran da ta yi ka kwafe jimlar sukutum, taka da tata, a jere. Bayan wata biyu za ka ga kurakuran naka ba su da yawa, 'yan ƙalilan ne suke ta dawowa da sabuwar riga.

Wajen duba ƙamus akwai dabarar da ba a cika koyarwa ba: ka nemi sunan, ba aikatau ba. In kana shakka tsakanin “do” da “make”, kada ka buɗe “do”, za ka nutse a shafuka. Ka buɗe “mistake”, ka bar ma'anar tunda ka san ta, ka karanta misalan da ke ƙasa. A nan abokan suke zaune. Ƙamus na masu koyo, irin na Oxford ko Longman ko Cambridge, don wannan aka yi su, kuma duk suna intanet kyauta. Oxford ma ta fitar da ƙamus na abokan tafiya zalla a 2002. Ƙamus na Hausa da Turanci yana da nasa amfani, amma a wannan fage shi ne yakan kai mutum ya baro, domin kalma yake ba ka a madadin kalma.

In kana son ka gani da idonka, akwai Google Books Ngram Viewer, wanda aka buɗe a 2010. Ka rubuta “heavy rain, strong rain” a ciki, zai zana maka layi biyu da ke nuna yawan kowanne a cikin miliyoyin littattafai, ɗaya a sama, ɗaya yana jan ciki a ƙasa. Akwai kuma rumbun Turancin Amurka da ake kira COCA, wanda Mark Davies ya tara, mai kalmomi sama da biliyan 1, inda za ka ga kalma a cikin jimlolin da mutane suka rubuta ko suka faɗa. Binciken Google na yau da kullum kuwa ka yi hattara da shi. Duk kuskuren da ka rubuta za ka sami dubban da suka riga ka, sai ka ɗauka daidai ne. Ka duba su wane ne suka rubuta.

Karatu shi ne uwa-uba, amma irin na mai farauta. Ka ɗauki labari ɗaya da BBC ta kawo da Hausa da kuma Turanci, ka ajiye su gefe da gefe, ka ga inda muka ce an kafa kwamiti su me suka ce, inda muka ce an cimma matsaya su me suka ce. Ka nemi rahotanni irin na ofishinku waɗanda ƙwararru suka rubuta, sakin layi biyu a rana ya isa, kana ja wa kalmomi layi bibbiyu, ba ɗaiɗai ba. In kuma kana tsakiyar rubutu shakka ta kama ka, ga lokaci ya ƙure, ka bi ta gajeriyar hanya: “it rained a lot”, “we decided”, “we were wrong”. Ba wanda zai sa wa waɗannan jan biro.

Iyakar abin

Kada ka ɗauka kowace tambaya tana da amsa guda. Masu harshen kansu sun rabu. Ɗan Ingila yakan ce “have a bath”, ɗan Amurka “take a bath”. Wancan “at the weekend”, wannan “on the weekend”. “Different from” kowa ya yarda da ita, “different to” ta Ingila ce, “different than” ta Amurka. A Ingila “make a decision” da “take a decision” duk suna tafiya. Saboda haka wani lokaci jan biron shugaba ɗanɗanonta ne kawai, ko Turancin ƙasar da ta yi karatu. In ka duba ƙamus ka ga naka ma yana nan, ka san ba ka yi kuskure ba, amma tunda ita ke sa hannu a rahoton, ka bi nata a ofis ba tare da jayayya ba.

Ni ma a aji na koyi Turanci, kunnena kuma ya fi karkata ga na Ingila saboda malaman da suka koyar da ni. Har gobe nakan tsaya a tsakiyar jimla in buɗe ƙamus, musamman a kan “in” da “on” da “at”, waɗanda Hausa ta tattara mana su a cikin “a” guda ɗaya. Na san dalilin da ake bayarwa na “on the bus” da “in the car”, wai abin da za ka iya miƙewa ka taka a cikinsa “on” ne, amma ranar da wani ɗalibi ya tambaye ni Keke Napep fa, sai da na yi shiru na ɗan lokaci kafin na ce masa “in”, tunda a zaune ake a takure.

Batun caja kuma, gobe in cajin wayarka ya ƙare, hanya biyu ce gare ka. Ko ka sa kanka a gaba ka ce “Can I borrow your charger?”, ko ka sa ta a gaba ka ce “Could you lend me your charger?” Ta biyun ta fi ladabi kaɗan saboda “could”, kuma tunda shugaba ce, ka ƙara mata “please” a ƙarshe.